Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Hadda Ta Kasa Fisshe Ni

A makon jiya na tsaya ne inda na samu gurbin karatun fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, jim kaɗan bayan ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Kwalkwalawa, wadda ɗalibai ke bi daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin jami'ar na dindindin. Makami ɗaya na shiga da shi aji ɗaya, wato hadda. Ni ɗan makarantar allo ne, na saba in yi ta maimaita abu har ya zauna, kuma da haka na haye jarrabawar sakandare.

Haka na tunkari kalkulas, wani reshe na lissafi. Duk misalin da malami ya warware a allo sai in kwafe, in haddace shi layi bayan layi, har ina iya karanto shi a cikin bas idona a rufe. Ranar gwajin farko aka kawo tambaya mai kama da ta aji, sai dai an sauya lambobin, an kuma juya mata baya. Na zauna zufa tana ɗiga a kan takardata, kaina cike da amsoshin tambayoyin da ba a yi mini ba. Maki 4 na samu cikin 20.

Wani ɗan aji huɗu da muke ɗaki ɗaya, mutumin Gwadabawa, shi ya gano ciwona. Ya tarar da ni kishingiɗe da littafi a ƙirji, ya ce, "Ƙanena, ina bironka?" Na ce, "Yaya, ai karatu nake yi, ba rubutu ba." Ya ce lissafi ba a karanta shi, yin sa ake yi. Washegari ya ja ni zuwa Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo, ya ɗauko mini littafin lissafin injiniyanci na K. A. Stroud, wanda aka yanka darussansa ƙanana-ƙanana, a yi maka tambaya a ƙarshen mataki, amsar kuma tana farkon mataki na gaba. Ya ba ni guntun kwali ya ce in riƙa rufe amsar, kada in ɗaga sai na rubuta tawa. Kwanakin farko na sha kunya a gaban kwalin nan, domin abin da na rantse na iya, da zarar an rufe shi sai hannuna ya tsaya.

Na mayar da aikin bayan sallar asuba, saboda a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma da rana ƙwaƙwalwa ba ta karɓar komai. Da yamma mu uku muke zama ƙarƙashin dogon yaro da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da muka yi fotokwafi, da sharaɗin kowa ya bayyana yadda ya warware tasa da Hausa. Wanda ya fake da Turancin littafi mun san bai gane ba. (Na ga ɗalibai da yawa suna haddace amsoshin waɗannan takardu, wanda a ganina ciwon da na baro ne suka sauya wa riga.)

Ban zubar da tarbiyyar allo gaba ɗaya ba. Tilawa na riƙe: duk ranar Alhamis nakan koma tambayoyin da suka kayar da ni makonni biyu baya, in sake warware su a farar takarda. A gwaji na biyu na samu 15.

Sai dai ɗakin gwaje-gwaje yana jirana da nasa darasin, ranar da aka ce mu auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi, ta amfani da zare da ɗan dunƙulen ƙarfe, ya kamata mu samu kusan 9.8, ni kuwa na fito da 12. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.