Daga Jos zuwa Maitama da jakar golf

Ƙarfe 6 na safe na bar Rayfield, jakar sanduna a bayan mota, sanyin Jos bai saki gari ba. Na bi ta Bukuru da Riyom na gangara Hawan Kibo, inda kunne ke toshewa, na wuce Akwanga da Keffi. Cunkoson Mararaba da Nyanya ya ci nasa rabon, sai bayan azahar na shiga Maitama, unguwar filin golf na IBB.

Gangarar nan ita ta sa na nufi filin atisaye kafin in taka filin wasa. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Abuja kuwa wajen 500. Iskar tudu ba ta da kauri, ƙwallo ta fi gudu a cikinta. Wanda ya saba da filin Rayfield, wanda ke nan tun 1913 zamanin haƙar kuza, yana kuma kai yadi 150 da sandar ƙarfe mai lamba 7, a Abuja sai ya rasa kamar yadi 5. Kaɗan ne, amma ya isa ya jefa ƙwallo ramin yashi. Ƙwallayen atisaye ma sun sha duka, ba sa kai nisan sabuwa, don haka ba na amincewa da allon yadi ɗari bisa ɗari.

Ƙwallo 50 na karɓa, na kasa su. 10 na farko da wej, sandar gajeren bugu, rabin lilo, don jiki ya sake. 20 da lamba 7, ƙwallo a tsakiyar ƙafafu, wata sandar kwance a ƙasa tana nuna inda na dosa. Direba, sandar nan mai babban kai, 10 kacal na ba shi: ƙwallo daidai dunduniyar hagu, a kan ɗan turke, rabinta ya leƙo saman kan sandar. Sauran na gajeren bugu ne, yadi 30 zuwa 50.

A bugu na shida da lamba 7 mai ɗaukar jaka ya ce, "Yallaɓai, ƙasa ka fara sara." Gaskiyarsa. Nauyin jiki ya tsaya a ƙafar dama, sai sanda ta sauka kafin ta iso ƙwallo. A kan ciyawa abin a bayyane yake, saran yana bayan ƙwallo maimakon gabanta. A kan tabarmar roba kuwa sandar zamewa take yi ta ɗauki ƙwallon, mutum ya tafi gida yana murna. Maganin shi ne a shimfiɗa tawul kamar taƙi ɗaya a bayan ƙwallo. In ka taɓa shi, ka sari ƙasa.

Direban kuma dama yake ta karkata, kamar ayaba. Fuskar sandar ce ke isowa a buɗe. Yawancin mutane sai su juya hagu don ramawa, karkatar ta ƙaru. Na murza hannun hagu a kan mariƙi har ina ganin gaɓoɓi 2 zuwa 3 na bayan hannu, na kuma sassauta riƙon. Uku na ƙarshe suka miƙe.

La'asar ta yi, safar hannu ta jiƙe sharkaf da zufar Abuja. Na rubuta yadi 145 a gefen lamba 7 cikin ɗan littafina, na tafi neman ruwan alwala.