Makin da mujalla ke ba wasa, da abin da ba ya faɗa maka

Mujallar Famitsu ta Japan, wadda ta fara fitowa a 1986, mutum huɗu take ba wasan bidiyo guda su yi bitarsa. Kowa ya buga, ya ba da maki har zuwa 10, a haɗa jimla 40. Sai a 1998 wani wasa ya cinye 40 cif, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time.

Masu bita kan duba ko ɗan wasan da ke kan allo na motsawa da zarar ka danna maɓalli, da gudun hoto, 60 a daƙiƙa ko 30, da ko yana sarƙewa in abokan gaba sun cika allo. Labari da sauti su biyo baya.

Matsalar ita ce kwafin da kamfani ke tura wa masu bita kafin ranar fitowa: gaggawa ake yi, gyaran ranar farko kuma, wato wanda ake saukewa ta intanet ranar da wasan ya fito, sau da yawa bai iso ba.

Don haka mai shagon gem a Samaru ko Sabon Gari kada lamba ta ruɗe shi. Ya karanta cikin bayanin: gigabait nawa gyaran zai ci, wasan na neman intanet kullum ne, kuma yana adana inda ka tsaya da kansa in aka ɗauke wuta?