Mota ta ma'aikaci, tafiya ta kamfani

Yawancin masu tallar magunguna da wakilan kamfanonin sadarwa da ma'aikatan ƙananan bankuna da ke bin kasuwanni suna karɓar biyan bashi, ba da motar ofis suke yawo ba. Abin hawansu suke fitarwa, mota ko babur, a ƙarshen wata a ba su abin da ake kira kuɗin mai. Ko a aikin gwamnatin tarayya al'amarin ya karkata can tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da yawancin alfarmar ma'aikata kuɗi, aka rage motocin ofis. Abin da nake gani shi ne, shugabannin wuraren aiki da dama sun ɗauka cewa da zarar sun miƙa kuɗin mai sun sauke nauyi, alhali kuwa wanda ya aiki mutum shi ne mai tafiyar, ko da sunan wani ne a takardun motar.

Shi kansa kuɗin man ya daɗe da daina isa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta kai kusan naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Amma mota ba mai kaɗai take ci ba. Akwai taya da birki da juyen baƙin mai da kuɗin bakanike, kuma ma'aikacin da aka bari da waɗannan duka zai riƙa ɗage gyara daga wannan albashi zuwa wancan, ya sayi tsohuwar taya ya hau titin Zariya zuwa Kano da ita. Idan tayar ta fashe sai a ce sakacinsa ne, ba a tuna da wanda ya tsara biyan da ya kai shi ga haka.

Doka ba ta bar wannan ga ganin damar kowa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi, domin a biya ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalansa idan ya rasu. Dokar ta haɗa har da hatsarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki, kuma abin da take dubawa shi ne alaƙar hatsarin da aikin, ba mamallakin motar ba. Haka nan idan ma'aikaci ya buge wani yana cikin aikin da aka tura shi, wanda aka buge yana iya haɗawa da kamfanin a ƙararsa, domin tsohuwar ƙa'ida ce a kotunanmu cewa ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikinsa.

Batun inshora ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara daga naira 5,000, tare da biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Sai dai wannan inshora wanda aka yi wa ɓarna take biya, ba ta gyara motar mai ita. Ma'aikacin da motarsa ta ragargaje a aiken ofis zai iya rasa motar, sannan ya rasa aikin, tunda da sharaɗin mallakar mota aka ɗauke shi. Ban ga wahalar da ke cikin kamfani ya duba lasisin tuƙi da ingancin takardar inshora sau ɗaya a shekara ba, musamman ganin yadda jabun takardu suka yi yawa, ya kuma taimaka wa mai yawan tafiya ya yi cikakkiyar inshora.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Direban ofis tuƙi ne kaɗai aikinsa, amma ma'aikaci mai motar kansa yakan wuni a taro a Abuja, a tashi bayan la'asar, kuma a sa ran ganinsa a ofishin Kano da ƙarfe takwas na safe ba tare da an ba shi kuɗin kwana ba. Babu wanda ya ce masa ya yi tafiyar dare a hanyar Kaduna, amma jadawalin da aka ba shi bai bar masa wata mafita ba, kuma manajan da ya sa hannu a kan jadawalin ya san nisan hanyar sarai.