Murar da ta ƙi tafiya: abin da aikin asibiti ya koya min

Cikin abubuwan da na koya tun da na fara zama da likita a ɗakin ganin marasa lafiya, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tambayar "yaushe abin ya fi taso maka?" Mutum zai shigo ya ce mura ce ta ƙi sakinsa wata da watanni, ya sha magani har ya gaji, to da ka ji haka ka san akwai magana, don mura ta gaskiya sati ɗaya zuwa kwana 10 ta gama nata ta wuce. Idan amsarsa ita ce da daddare in ya kwanta, ko da asuba yana tashi ya dinga jero atishawa ba ƙaƙƙautawa, ko lokacin da ake kakkaɓe katifa da shara, nan take likita ke fara zargin alajin ƙwarin ƙura, wato jiki ya dinga faɗa da wasu ƙananan ƙwari da ke zaune cikin ƙurar gida.

Su waɗannan ƙwarin ido ba ya ganinsu, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, ƙafafunsu takwas, dangin gizo-gizo ne. Ba sa cizo. Abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, shi ya sa suke tarewa a katifa da filo da kafet da kujerun kushin da 'yar tsanar yara, kuma suna son ɗumi da laima sosai. Abin da jiki ke faɗa da shi kashinsu ne da gutsattsarin gawarsu da mutum ke shaƙa. Sai a 1964 masu bincike a ƙasar Holan suka gano su ne tushen matsalar ƙurar gida.

Alamomin kuwa sai ka lura da kyau. Majinar fara ce tsararo kamar ruwa, ba ta yin kauri ko ta koma ɗorawa. Babu zazzaɓi, babu ciwon jiki. Amma ƙaiƙayi kam ba a magana, hanci, ido, maƙogwaro, har ganɗa mutum ke ji yana son sosawa da harshe, ido ya yi ja yana hawaye. A yara ma tun kafin uwa ta gama bayani za ka ga yaron ya sa tafin hannu yana tura hancinsa sama, wani har wani siririn layi ya fito masa a kan karan hanci, ƙasan idonsa ya yi duhu, bakinsa a buɗe don hancin a toshe yake. Wasu kuma fatarsu ce ke bushewa tana ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa.

Inda ba a wasa shi ne ƙirji. Tarin dare, numfashi yana fito, ƙirji ya ɗaure, wannan asma ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, a kai shi asibiti kawai.

Tabbatarwa ba wuya, ana ɗiga ruwan gwaji a fatar hannu a ɗan tsira wurin, cikin minti 15 zuwa 20 in ya kumbura ya yi ja to shi ne, ko a yi gwajin jini. Sai dai wanda ke shan maganin alaji irin su cetirizine dole ya dakata na wasu kwanaki kafin gwajin fata, in ba haka ba sakamakon zai ɓoye.

Abin da ke ba ni haushi gaskiya shi ne yadda ake ɗirka wa irin waɗannan mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta alhali babu abin da zai yi musu, ko maganin fesa hanci mai buɗe toshiya da in an wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi sai hancin ya ƙara toshewa. Mu dai abin da muke fara faɗa musu, a wanke zanin gado da rigar filo duk sati da ruwan zafi mai digiri 60, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓa, a rage laimar ɗaki, in da hali a cire kafet daga ɗakin kwana.