Inda mai tsaron fili zai tsaya, da inda hujjar koci take ƙarewa

Wasan besbol baƙo ne a ƙauyukanmu na Jigawa, kuma 'yan yaran da muke koya wa shi a filin makaranta bayan la'asar sun fi saurin gane bugu da gudu a kan gane dokar tsayuwa. Na lura cewa yawancin gardamar da ke tashi tsakanin masu horar da yara da alƙalin wasa ba ta rasa nasaba da tambaya guda: shin wancan yaron yana da ikon tsayawa a inda ya tsaya?

Asalin dokar gajeriya ce. Akwai layuka biyu da suka taso daga gida, wato wurin da mai bugu yake tsayawa, ɗaya ya bi ta zango na farko cikin zango uku da mai gudu yake bi kafin ya dawo gida, ɗaya ta zango na uku, kuma duk abin da ke tsakaninsu shi ne cikin fili. A lokacin da ake shirin jefa ƙwallo, dole ne kowane mai tsaro ya kasance a cikin wannan fili, in ban da mai cafka, wanda gurbinsa yake bayan mai bugu. Mai jifa shi ma yana da matakinsa da ba zai bari ba. Sauran bakwai ɗin kuwa, a ƙa'idar Little League, wato ƙungiyar wasan yara da aka kafa a Williamsport ta jihar Pennsylvania a 1939, suna iya tsayawa duk inda kocinsu ya ga dama muddin ba su ƙetare layi ba.

Ruɗanin ya ƙaru ne tun 2023, shekarar da babbar gasar ƙwararru ta Amurka ta hana tara masu tsaro a gefe guda. Kafin nan, ƙungiyoyi kan jera mutum uku a hannun dama idan sun san mai bugu bahago ne da ke yawan aika ƙwallo can, sai aka wajabta cewa mutum biyu su tsaya a kowane gefe na zango na biyu, kuma ƙafafunsu duka su kasance a kan ƙasar da'irar ciki, wato ɓangaren fili da zangon uku suke. Matasanmu da ke kallon guntayen wasannin a waya sun ɗauko wannan doka sun kawo ta filin yara, alhali an yi ta ne domin manya masu gudu a tazarar ƙafa 90 tsakanin zango da zango. Filin yara ƙafa 60 ne, mai jifa kuma yana tsayawa a ƙafa 46 daga gida. Na taɓa ganin an tsayar da wasa har rana ta yi sanyi saboda wani koci ya dage cewa abokan karawarsa sun karya dokar da ba ta cikin littafin da aka amince a yi wasa da shi. Yaran suka zauna a gindin darbejiya suna jira, wasu ma suka tafi ɗebo ruwa ba su dawo ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne masu horarwa su rarrabe hukunci iri biyu. Akwai abin da idon alƙali ya gani: ko ƙwallo ta faɗa cikin layi ko waje, ko mai gudu ya riga ƙwallo isa zango, ko jifa ya bi ta inda ya dace. Wannan hukunci yankakke ne, kuma doka ba ta ba ɗan wasa ko koci damar jayayya da shi ba, ko da alƙalin ya yi kuskure. Sannan akwai kuskure a kan ita kanta dokar, misali alƙali ya kori mai tsaro daga wurin da doka ta halatta masa, ko ya ƙyale yaron da ba ya riƙe da ƙwallo ya tare wa mai gudu hanya. A nan koci yana da ikon magana, amma shugaban masu horarwa ne kaɗai zai je, ga alƙalin da ya yanke hukuncin, kuma kafin a sake jefa ƙwallo. Ya ishe shi ya ce, “Malam, don Allah a duba mana, ina ganin doka ta ba shi damar tsayawa a nan.” Alƙali na iya tuntuɓar abokin aikinsa ya gyara. Ko a gasar duniya ta Little League, inda aka fara duba hoton bidiyo a 2008, ba kowane hukunci ake mayarwa ga na'ura ba.

A filinmu babu na'ura, sau da yawa ma alƙali ɗaya ne, malamin makaranta da ya ba da yammacinsa kyauta, yana tsaye bayan gida yana ƙoƙarin ganin ƙafar yaron da ke zango na farko cikin ƙurar hunturu. Saboda haka muke zuba toka a kan layukan biyu kafin kowane wasa, mu sake zubawa idan iska ta share, sannan masu horarwa na ɓangarorin biyu su tsaya da alƙali a gida su faɗi da bakinsu wane littafin doka za a bi da kuma wanda zai yi magana a madadin kowace ƙungiya.