Wai me ya sa kowa WordPress?

Jiya na je shagon wani Alhaji mai sai da atamfa a Kwari, yana son a buɗe masa shafin intanet, ina cewa da WordPress zan haɗa sai ɗansa da ke gefe ya ce "Yaya ba shi ne na masu rubuta bulog ba?" Dariya na yi, don yaron bai yi ƙarya ba.

Asalinsa kenan, manhaja ce ta bulog, wato shafin da mutum ke zuba rubuce-rubucensa a intanet. A 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka ɗauko wata manhajar bulog mai suna b2 da mai ita ya daina kula da ita suka ɗora a kai, suka samar da WordPress. Sai a 2004 wata manhajar bulog mai suna Movable Type, wadda ita ake yayi a lokacin, ta sauya tsari ta fara neman kuɗi, mutane kuwa suka yi ta kwashe kayansu suna komawa WordPress da yake kyauta. A shekarar ne kuma aka kawo fulogin, wato ƴan ƙananan manhajoji da kake maƙala masa su ƙara masa aiki, 2005 aka ƙaro damar sauya wa shafi riga ba tare da ka taɓa rubutun ciki ba. Daga nan fa abu ya wuce bulog, kanti kake so ga fulogin ɗin WooCommerce, makaranta ce ko jarida duk akwai nasu. Yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke.

Amma ni abin da na faɗa wa Alhaji daban ne. Na ce ranka ya daɗe ka ɗauke shi kamar motar da kayan gyaranta suka cika Ƙofar Ruwa, ko na yi tafiya ko mun ɓata, duk yaron da ka kira zai iya buɗe ta ya gane. Na taɓa gadar wani shafi da wani ya rubuta da hannunsa tun daga tushe sannan ya ɓace da lambar waya da komai, wallahi sati biyu ina fama kafin na gano inda ake canza farashi kawai.

WordPress ɗin yana da nasa ciwon kan fa, ka cika masa fulogin ya yi nauyi, ka ƙi sabunta shi masu kutse su shigo maka.

Alhaji dai ya ce a fara, amma wai tunda kyauta ne kuɗin me zai biya ni.