Yau a ɗakin masu jego

Talata. A asibiti na wuni wajen ƙanwata, da asuba ta sauka, namiji, Alhamdulillah ita da shi duk lafiya lau. Ko wanka ba a yi wa yaron ba, goge shi kawai ungozoma ta yi ta kifa mata shi a ƙirji aka lulluɓe su da zani, wai so ake ya kama nono cikin awa ɗayan farko, kuma ya kama ɗin.

Da hantsi Gwaggo ta iso da kunun kanwa, tana ganin nonon rawaya-rawaya ta ce a matse a zubar, dakashi ne ba a ba yaro, sannan a ɗiga masa ruwa saboda zafin garin nan. Wlh na ɗauka nas ɗin faɗa za ta yi amma sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce Mama ai dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kuma nono fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da ruwa zai rage tsotso nonon ma ya ragu, ga gudawa in ruwan ba tsafta. Nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2. Gwaggo ta ce to wannan shekara biyun kam yana cikin Baƙara, daga nan ta ɗan sauko.

Ƙanwata ta yi ta kukan zafin kan nono, nas ta gyara mata riƙon, ya buɗe baki sosai ya haɗa har baƙin da ke kewaye, haɓarsa na taɓa nonon, nan take ta ce zafin ya ragu. A bango akwai takardar matakai 10 na tsarin tallafa wa shayar da nono a asibitoci da WHO da UNICEF suka fito da shi a 1991, ciki har da kada a raba uwa da ɗa dare da rana.

Ni damuwata gida ce. Gobe za a sallame ta, kuma yarinya mai haihuwar fari ba za ta iya musu da uwar miji ba. Gaskiya ya kamata ranar awo a riƙa kiran kakanni da mazaje su ma su ji da kunnensu. Na kira mijinta na ce dan Allah gobe ya zo da Hajiya kafin a ba da sallama, ya ce in sha Allah ƙarfe tara suna nan.